GUBAR DALMA A ZAMFARA: AN ƘIRGA WAƊANDA SUKA MUTU, INA LABARIN WAƊANDA SUKA RAYU?

Jama'a, duk mai bibiyar labarai ya san zinare ya yi tsadar da bai taɓa yi ba. A 2001 oza ɗaya, wato kimanin giram 31, bai kai dala 300 ba a kasuwar duniya. Zuwa 2010 ya haura dala 1,000, a 2025 kuwa ya tsallake 3,000. Shi ya sa duk inda aka ji ƙishin-ƙishin ɗin zinare, daga Anka zuwa Birnin Gwari har jihar Neja, sai ka ga matasa na tururuwa da diga da shebur. A nan dandalin ana ta muhawara kan wa ke cin ribar ma'adinan Arewa, da alaƙarsu da rashin tsaro. Muhawara ce mai kyau. Amma ni wani ɓangare nake so in tuna mana, wanda aka rufe fayil ɗinsa alhali maganarsa ba ta ƙare ba.

Bari mu fara da tarihin, saboda ƙannenmu da ba su yi wayo ba a lokacin.

A farkon 2010 mutanen wasu ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka lura agwaginsu na ta mutuwa. Ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. Daga nan sai yara. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, kwana kaɗan a kai shi makwanci. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce sanƙarau, wasu zazzaɓin cizon sauro. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka ji labari suka je. Aka ba da maganin zazzaɓi, bai yi ba. Sai da aka ɗebi jinin yaran aka aika Turai, sakamako ya dawo: dalma ce.

Ta ina dalma ta shiga jikin jariri? Dutsen da ake haƙowa a yankin, zinare da dalma a cakuɗe suke cikinsa. Maza su haƙo a daji, su kawo cikin gari a buhuna. A farfasa da guduma, a daka a turmi, a niƙa a irin injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi ɗaki, ta bi rijiya, ta bi kwanon abinci. Yaro mai rarrafe kuwa aikinsa ke nan, hannu a ƙasa, hannu a baki.

A watan Mayu masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da jami'an lafiyarmu, suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma. Suka tarar a cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A cikin waɗanda aka gwada jininsu, kashi 97 cikin ɗari sun kai ko sun haura awo 45, matakin da likita ke cewa a fara magani ba jira, wasu ma sun haura 300. Ƙasar wasu wuraren ta ɗauki dalma sama da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara a lokacin 400 ce. An ƙiyasta yara 400 suka mutu a farkon annobar, daga baya MSF ta ce adadin ya haura 600.

Maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya amfani idan yaro zai koma ya kwanta a cikin ƙurar da ta kama shi. Dole sai an kankare saman ƙasar gida da lungu, an kwashe an binne, an zuba sabuwa. Tsakanin 2010 da 2011 aka yi wa ƙauyuka bakwai wannan aiki: Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Duza, Tungar Guru da Tungar Daji. Bagega, wadda ta fi su girma, aka bar ta tana jira da yara kimanin 1,500. A Mayun 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850. Kuɗi ba su fito ba sai a Janairun 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun tayar da ƙura a intanet da gangamin ceto Bagega, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka mara musu baya. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara aƙalla 28 suka rasu. A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin Zamfara ga hukumomin jiha, bayan ta gwada jinin yara sama da 8,000.

To a nan galibi labarin ke tsayawa. Mu ma'aikatan gwamnati mun san yadda abin yake: an fitar da kuɗi, an yi aiki, an rubuta rahoto, a ɗaure fayil a kai ma'ajiya. Sai dai jikin ɗan Adam ba ya rufe fayil. Dubban yaran da aka ceto suna nan, yanzu samari ne da 'yan mata. Kuma akwai wani fannin ilimi da ya bunƙasa a 'yan shekarun nan da ke nuna cewa abin da ya sami yaro a ciki ko a goye yana iya barin rubutu a ƙwaƙwalwarsa har tsufa. Sunan fannin efijenetiks. Wani masani ɗan Ingila, Conrad Waddington, ya ƙirƙiro kalmar a 1942.

Ga yadda na fahimce shi, da misalin da duk wanda ya yi makarantar allo zai gane. Mun fara da babbaƙu, sannan farfaru. Baƙaƙen ba su canja ba, amma da aka sa wasali sai karatu ya fito, kuma idan aka sauya wasalin, karatun ya sauya ko da ba a taɓa baƙi ɗaya ba. To DNA, wato kundin gadon da muka karɓa daga uwa da uba, kamar babbaƙu ne. Haruffa huɗu ne kacal, an jera su kimanin sau biliyan 3, a ciki akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000. Kwafin da ke cikin ƙwayar halittar ido shi ne a ta hanta, shi ne a ta ƙwaƙwalwa. Me ya sa ido bai zama hanta ba? Saboda akwai wasu 'yan alamomi na sinadari da ke manne a kan kundin, suna cewa wannan shafi a karanta, wancan a rufe, wannan a karanta da ƙarfi, wancan a hankali. Wadda aka fi sani cikinsu ita ce alamar metil. Yawancin alamomin nan ana ɗora su ne tun ana ciki da shekarun farko na rayuwa, lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa, domin kafin yaro ya cika shekara biyar ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 na girman ta babba. Abin da masana suka gano shi ne, abinci da yunwa da tashin hankali da guba duk suna iya sa hannu wajen ɗora wasalin nan.

Hujjar farko mai ƙarfi daga yaƙi ta zo. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus suka toshe hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar Holan, mutum wajen 20,000 suka mutu da yunwa. Da yake mutanen can akwai ajiye takardu, an bi sawun jariran da aka ɗauki cikinsu a lokacin. Da suka girma sai aka ga ƙiba da ciwon suga sun fi yawa a cikinsu, haka ma wani nau'in taɓin hankali mai tsanani ya kusa ninkawa. A 2008, bayan shekara sittin, aka gwada jininsu aka kwatanta da na 'yan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya, sai ga bambanci a alamar metil a kan wata ƙwayar gado mai kula da girman jiki. Yunwar 'yan watanni, amma tabonta na nan bayan shekara sittin. Mu ma muna da namu: wani bincike da aka yi a Inugu aka wallafa a 2010 ya nuna waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin basasa sun fi waɗanda aka haifa bayan yaƙin kamuwa da hawan jini da matsalar suga, da suka kai shekara arba'in.

A Gambiya kuwa, a yankin Keneba, manoma ne irin namu masu damina da rani. A 2014 masu bincike suka nuna cewa jariran da aka ɗauki cikinsu da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma cimar uwa ta sauya, alamominsu sun bambanta da na waɗanda aka ɗauki cikinsu da rani. Kun ga ke nan ba maganar Turawa kaɗai ba ce.

Wannan duk a jini aka gani. Ƙwaƙwalwa fa? Ai ba a buɗe kan mai rai don bincike, shi ya sa hujjar ƙwaƙwalwa daga dabbobi take zuwa, da gawarwakin da aka ba da izini. A 2004 Michael Meaney da abokan aikinsa a Jami'ar McGill ta Kanada suka nuna cewa 'ya'yan ɓerayen da uwarsu ke yawan lasarsu da kula da su a makon farko, alamar da ke kan ƙwayar gado mai daidaita tsoro da firgici a ƙwaƙwalwarsu daban take da ta waɗanda uwa ta yi wa riƙon sakainar kashi, kuma sun fi natsuwa har girmansu. A 2009 suka duba ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu, suka ga irin wannan sauyi a wurin waɗanda aka gallaza wa suna yara.

Yanzu ga wanda ya shafi dalma kai tsaye. Akwai wasu birai da aka riƙa ba su dalma kaɗan-kaɗan daga haihuwa zuwa kwana 400, sannan aka daina. Jininsu ya dawo daidai, suka ci gaba da rayuwa. Da suka shekara 23, wato tsufan biri, Farfesa Nasser Zawia na Jami'ar Rhode Island a Amurka da tawagarsa suka duba ƙwaƙwalensu, suka wallafa sakamakon a 2008. Suka tarar da irin dattin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta tsufa, suka tarar ƙwayoyin gadon da ke haifar da shi suna aiki fiye da kima, sannan sinadarin da ke ɗora alamar metil ya yi rauni. Dalmar da ta kai jinin biran nan a lokacin ƙuruciyarsu tsakanin awo 19 ne zuwa 26. Ku tuna yaran Dareta da 'Yargalma, kusan dukkansu sun wuce 45.

Sai abin da ya fi tsaya mini a rai. Jiki yana ɗaukar dalma tamkar sinadarin kalsiyam ne, sai ya adana ta a ƙashi, ta yi shekaru gommai a can. Idan mace ta sami juna biyu, jikinta yakan ɗebo kalsiyam daga ƙashinta don gina ɗan tayi, dalmar sai ta biyo, ta ratsa mabiyiya ta isa ga jariri. Haka ma lokacin shayarwa. Kuma idan 'ya mace ce a cikin, ƙwayayen haihuwarta tun tana ciki ake halittarsu, wato guba ɗaya na iya taɓa uwa da 'ya da abin da zai zama jika. Wani ƙaramin bincike a birnin Detroit na Amurka a 2015 ya sami alamar dalmar da kaka ta shaƙa lokacin goyon ciki a jinin jikokinta. Yarinyar da ke rarrafe a Bagega a 2010, yau ta kai munzalin aure a al'adarmu. Wa ke gwada jininta idan ta je awon ciki?

Kafin wani ya ɗauki maganata ya kai ta inda ban aike ta ba, bari in ja layi. Na ɗaya, dalma tana lalata ƙwaƙwalwa ta hanyoyi da yawa, sauya alamomin gado ɗaya ce daga ciki. Illarta ga basira da natsuwa tabbatacciya ce tun binciken da Dakta Herbert Needleman ya yi da haƙoran yara 'yan firamare a Amurka a 1979. Na biyu, kada wani ya ce dalma ce ta haifar da 'yan bindiga a Zamfara. Wannan matsala tana da tarihinta na filaye da burtali da zalunci da makamai, kuma ɗora ta a kan yaran da aka cuta zalunci ne na biyu. Na uku, kada a mayar da wannan dalilin ƙyamar auren 'ya'yan waɗannan garuruwa. Alamomin nan ba hukuncin ƙarshe ba ne. A binciken ɓerayen Kanada, da aka ɗauki jaririn uwa marar kula aka ba uwa mai kula, sai ya tashi da alamar uwar riƙo. A 2003 ma masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka nuna ɓerayen da dalma ta taɓa, idan aka rene su cikin 'yan'uwa da kayan wasa da motsa jiki, koyonsu yana farfaɗowa sosai. Ma'ana makaranta da abinci da kulawa magani ne, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu kuma a nan Zariya kada mu ce ai Zamfara ce. Ni da na haura arba'in, a Tudun Wada na tashi, kuma duk sa'o'ina da suka yi wasa a bakin titi daga Agoro zuwa Kwangila sun shaƙi hayaƙin fetur mai dalma. Tun 1923 aka fara sayar da irin wannan fetur a Amurka, mu kuwa ba mu rabu da shi ba sai farkon shekarun 2000. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun bar shi gaba ɗaya a farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. A 1997 Farfesa Jerome Nriagu, ɗan Najeriya da ke koyarwa a Jami'ar Michigan, ya wallafa binciken da ya yi kan yaran garin Kaduna, inda matsakaicin awon dalma a jininsu ya ɗan haura 10. Wani bincike a Jos a 2000 ya sami kashi 70 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada sun wuce 10. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga awo 5 a tashi a nemo inda gubar ke fitowa, kuma babu wani adadi da za a ce ba ya cutarwa.

Fetur ya wuce, amma sauran ƙofofin na nan. Akwai masu fasa tsohon batirin mota suna narka dalmarsa a cikin unguwa. Akwai tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarafa. Akwai tsohon fenti mai ɓarewa. Sannan akwai kwalli. Na san wannan zai taɓa iyayenmu mata, don haka a yi mini uzuri. Ba sa kwalli nake suka ba, abin da ke cikin tandun nake magana. Mafi yawan dutsen tozali mai ƙyalli da ake niƙawa dutsen dalma ne, irin wanda aka daɗe ana haƙowa a wurare kamar Zurak ta ƙasar Wase. A 2011 likitoci a birnin Boston suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye 'yan Najeriya. Da aka bincika, kwallin da aka kai masa daga gida ne, aka auna shi aka ga kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga.

To me ya kamata a yi? Ba abin da ya fi ƙarfinmu ba ne. Sunayen yaran da aka yi wa magani a Anka da Bukkuyum da Rafi an rubuta su a lokacin. A ɗauko rajistar, a bi sawunsu, a san wa ke makaranta, wa ya kasa, wa ke buƙatar taimako na musamman. A sa gwajin dalma cikin awon ciki a asibitocin waɗannan yankuna, a wadata masu ciki da kalsiyam da maganin ƙarin jini, domin jikin da ya rasa su ya fi zuƙar dalma. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, muna da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau. A ba masananmu kuɗin bin waɗannan yara na shekara ashirin ko talatin, kamar yadda mutanen Holan suka bi nasu. Hukumar NAFDAC kuma ta shiga kasuwanni ta auna kwalli, ta faɗa wa mata wanne ne lafiyayye.

A gida kuwa, wanda ke zuwa haƙar zinare kada ya kawo dutse ko buhunsa cikin gida, ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. A jiƙa dutse kafin a niƙa, kuma injin hatsi daban, na dutse daban. A wanke wa yara hannu kafin cin abinci. A dakata da sa wa jarirai kwallin da ba a san asalinsa ba. A ba su wake da zogale da nono da ƙwai gwargwadon hali.

Haramta haƙar ma'adinai, kamar yadda aka yi a Zamfara a 2019, ba ya hana mai jin yunwa shiga rami, sai dai ya sa ya ɓoye aikin a cikin gida, inda yara suke. Tunda farashin zinare ya ninka na 2010 har sau biyu da ɗoriya, duk abin da ya jawo masifar farko yana nan, har ya ƙaru.

Idan akwai ɗan Anka ko Bukkuyum ko Kagara da ke karanta wannan, don Allah ya faɗa mana halin da waɗannan yara ke ciki a yau. Likitocinmu da malaman jami'a da ke nan dandalin kuma, filin naku ne, ku ƙara mana haske.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya raya mana waɗanda suka saura cikin lafiya da basira.